Man Aksul Da Lissafin Damina

Hilux ko Land Cruiser da ke zirga-zirga tsakanin Dalijan da Gwandu da Kalgo ba ta rasa mai canja mata baƙin mai a kan lokaci. Man da ake mantawa da shi shi ne na cikin aksul, wato tukunyar haƙoran ƙarfen da ke bai wa tayar waje damar juyawa fiye da ta ciki idan mota ta sha kwana. Mota mai giyar taimako tana da irin wannan tukunya biyu, gaba da baya, ga kuma akwatin da ke raba musu ƙarfi.

Littafin mota kan ce a canja man bayan kilomita 40,000 ko makamancin haka. Wannan lissafin busasshiyar hanya ne. A ƙasar Kebbi damina ce ya kamata ta yanke hukunci. Aksul yana da ɗan bututun numfashi a samansa. Idan ya ɗauki zafi, sannan direba ya afka cikin kwari mai ruwa a watan Agusta, iskar ciki takan tsuke, ta zuƙo ruwa ta bututun ko ta gefen sil. Man sai ya koma kamar shayi mai madara. Motar ba za ta nuna komai a ranar ba. Sai kaka ta yi a fara jin kuka daga baya, lokacin tsatsa ta riga ta ci boris, gyaran kuma ya ninka kuɗin 'yan litocin mai sau da yawa.

Dubawar kuwa aikin minti goma ne. Bakanike ya fara kwance murfin zubawa kafin na tsiyayewa, don kada ya zubar da mai sannan na sama ya ƙi buɗuwa. Ya sa yatsa: man ya kai bakin ramin. Warinsa mai hawa kai ba aibu ba ne. Laushin garin ƙarfe a maganaɗisun murfin ƙasa ba abin damuwa ba ne, amma ɓarɓashi alamar ɓarna ce. Wanda za a zuba ya zama GL-5, irin su 80W-90, kada a yarda da na giya ko wane iri.

Nauyin yana kan jami'in da ke sa hannu a takardar gyaran motocin ofis, musamman masu kai allurar rigakafi ƙauyuka ko ɗauko mai naƙuda zuwa asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi. Ya ƙara layi ɗaya: a duba aksul duk ranar da ruwa ya kai cibiyar taya, a sake dubawa a watan Oktoba.