Kumbon Azzalumi a Cikin Kayan Wasan Yara

Ku tuna yadda aka buɗe fim ɗin Star Wars: The Force Awakens na 2015. Dare ne a wani ƙauyen hamada, a duniyar da ake kira Jakku. Ƙananan sojoji sun riga sun sauka, an cuso su a tsaitsaye cikin jiragen jigila, sun buɗe wuta, sun ƙona bukkoki, sun tattara mutanen gari wuri ɗaya. Sai da ƙura ta lafa sannan maigidansu, Kylo Ren, ya iso. Kumbon Kylo Ren baƙi ne wuluk, da dogayen fikafikai biyu da ke tsayawa ƙiƙam a sama idan ya sauka. Kiɗa ya ɗauka, ƙofa ta buɗe, ya tako ƙasa a hankali, ya sare wani dattijo mai suna Lor San Tekka, sannan ya ba da umarni a kashe duk wanda aka kama.

Fim ɗin ya fito a watan Disamba. Tun a watan Satumba kamfanin Lego ya zuba wannan kumbo a shaguna, cikin kwali mai ƙyalli, domin yara su harhaɗa su yi wasa. Wato yaro ya mallaki abin hawan mai kisan kiyashi wata uku kafin ya san abin da mai shi ya aikata. Wannan lamari yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ba zan ɓoye ba.

Kada wani ya ce mini ai labari ne kawai, dole bos ya zama abin tsoro kafin akta ya yi daraja. Na yarda, kowane ɗan kallo ya san haka. Inda muka raba gari shi ne yadda kyamara take durƙusa wa wannan kumbo. Ba tsoro kaɗai ake dasa wa mai kallo ba, har da sha'awa. A farkon Return of the Jedi na 1983, kumbon Darth Vader, samfurin da ake kira Lambda, yana fitowa daga cikin ƙaton jirgin yaƙi, ƙananan jirage biyu na yi masa rakiya. Fari ne tas, fikafikansa uku, biyu na gefe suna naɗewa sama sa'ad da zai sauka. Matakala ta sauko, tururi ya yi tsaki, kwamandan sansanin da ya sauka yana jira jikinsa na ɓari. Can gaba kuma sai Sarkin Daular da kansa, Palpatine, ya iso cikin irin wannan kumbo. Ɗaruruwan sojoji sun yi sahu, dogarai masu jajayen riguna suka fara saukowa, Vader mai firgita kowa ya kai gwiwa ƙasa. Hausawa sun ce ba a mugun sarki sai mugun bafade, kuma a wannan wuri kyamarar ce bafaden.

Wannan salon ba a Hollywood aka ƙago shi ba. A 1935 Leni Riefenstahl ta fitar da fim ɗin farfagandar 'yan Nazi mai suna Triumph of the Will, wanda ta ɗauka a taron jam'iyyarsu na 1934 a birnin Nuremberg. Da me ta buɗe shi? Da jirgin Hitler yana keta gajimare, inuwarsa na bin rufin gidaje da sahun masu maci, har ya sauka cikin dandazon masu sowa. Manufar a fili take: a nuna wa talakan Jamus cewa wannan mutum daga sama ya zo, ba irinsu ba ne. Tun a yaƙin neman zaɓen 1932 Hitler ya gane amfanin jirgi, yana tashi daga gari zuwa gari a rana ɗaya. Masu yin Star Wars sun san wannan tarihi sarai. Daraktan fim ɗin 2015, J. J. Abrams, da bakinsa ya ce tunanin 'yan Nazin da suka gudu Ajantina ne ya haifar masa da sababbin azzaluman labarinsa. Aron kamannin 'yan Nazi domin a ce wa mai kallo ga mugaye nan, wannan ba laifi ba ne. Amma sun aro har da dabarar da aka ƙirƙira musamman domin sa mutane su ƙaunaci azzalumi, suka sa mata kiɗan John Williams, suka ƙara mata kyau.

Haka aka maimaita a Rogue One na 2016. Iyalin Galen Erso sun gudu sun ɓuya, suna noma a wata duniya mai baƙin yashi. Sai ga baƙin kumbon Darakta Krennic yana shawagi a kan ruwa, hoto mai ɗaukar ido da aka ɗauko a ƙasar Iceland. Mintoci kaɗan bayan saukarsa an harbe uwa, an tafi da uba, ƙaramar yarinya ta ɓuya a rami. Shi ma wannan kumbo Lego ta sayar da shi a shekarar.

Akwai kuma wani aikin da kumbon maigida yake yi a waɗannan fina-finai, wanda ya fi kowanne kama da gaskiya: gudu. A fim na farko, na 1977, ƙaton sansanin nan mai kama da wata da ake kira Tauraron Mutuwa ya tarwatse da duk wanda ke cikinsa, amma Vader ya tsira domin yana cikin nasa jirgin na musamman. A Attack of the Clones na 2002, Count Dooku ya kunna wutar yaƙi a duniyar Geonosis, ya bar mayaƙansa ana karkashewa, ya haye kumbonsa mai buɗe filafili kamar na jirgin ruwa, ya sulale. Mu a Afirka mun san irin wannan jirgi ido da ido. Mobutu ya gina filin jirgi a Gbadolite da zai iya ɗaukar Concorde, yana hayar jirgin alhali Zayar na fama da talauci, kuma da abin ya ƙare a 1997 ta sama ya fice. Ben Ali ya tashi daga Tunisiya zuwa Jidda a Janairun 2011. Yahya Jammeh ya bar Gambiya a Janairun 2017 ya nufi Equatorial Guinea. Duk wanda ya ga an bar ƙasa da bashi da kaburbura, mai laifin kuma ya ɗaga hannu daga matakalar jirgi, ba zai ga kumbon Dooku ya ce kai, wannan ya yi kyau ba.

To me ya sa ake ƙawata shi haka? Kuɗi. George Lucas, wanda ya ƙirƙiri Star Wars, ya riƙe haƙƙin sayar da kayayyakin fim ɗinsa tun a yarjejeniyarsa da kamfanin 20th Century Fox, kuma daga nan dukiyarsa ta bunƙasa. A Kirsimetin 1977 kamfanin Kenner bai gama ƙera 'yan tsanar ba, sai ya sayar wa iyaye kwali da takardar alkawari, suka kuwa saya. Da Disney ta sayi kamfaninsa na Lucasfilm a 2012 kan dala biliyan huɗu da ɗoriya, ba labarai kaɗai ta saya ba, ta sayi kasuwar nan. Kowane sabon bos sai an ba shi sabon kumbo, domin kowane sabon kumbo sabon kwali ne a kanta.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abin da suka yi da kumbon Boba Fett. Wannan mutum mafaraucin mutane ne, a biya shi ya kamo. A The Empire Strikes Back na 1980 shi ne ya loda Han Solo a cikin kumbonsa, daskararre kamar kaya, zai kai wa wani ƙasurgumin ɗan ta'adda mai suna Jabba. Sunan kumbon Slave I, suna mai ɗauke da kalmar bawa, kuma ya dace da mummunar sana'ar mai shi. A 2021 Lego ta fitar da shi babu wannan suna a kwalin, masu zanen kamfanin kuma suka bayyana cewa Disney ce ba ta son a ci gaba da amfani da shi. An sauya wa tuwo suna ke nan. Ba a daina sayar da kumbon ba, ba a daina yabon mai shi ba, ƙarshe ma aka yi masa nasa shirin, The Book of Boba Fett, aka naɗa shi gwarzo a kan kujerar Jabba. Abu ɗaya tak da ke tuna wa yaro cewa wannan jirgi na safarar ɗan'adam ne, shi aka goge. Idan sunan ya yi muni da yawa a hannun yaro, to kumbon ma ya yi.

Kuma ba wai ba su san yadda za a yi daidai ba. Shirin Andor na 2022, wanda Tony Gilroy ya jagoranta, ya nuna wannan Daula ɗaya ba tare da kirari ba: ofisoshi masu sanyi, ma'aikata masu neman ƙarin girma da jinin wasu, alƙaliyar da ke yanke wa mutum shekara shida a kan banza, da kurkukun Narkina 5 inda fursunoni ba takalmi suke ƙera sassan makami a kan daɓe mai wutar lantarki. Wanda ya kalli wannan zai tsani zalunci har cikin ransa, ba zai fito yana neman ƙaramin kurkukun roba ya kai wa ɗansa ba. Ko a fim ɗin 2015 ɗin ma, mutumin kirki a wancan dare shi ne sojan da ya ƙi harbi, wanda John Boyega, ɗan Ingila mai asali da Najeriya, ya fito a matsayinsa. Shi aka cuso a jirgin jigila. Shi ya cancanci kiɗan da aka ba kumbon maigidansa.

Ku iyaye da yayye masu kallo tare da yara, idan wannan kumbo ya fara saukowa yaro ya buɗe baki yana sha'awa, ku dakatar da fim ɗin ku tambaye shi su wa aka kashe bayan ƙofar ta buɗe. Idan kuma kun ga kwalin a kanti, ku bar musu kayansu.