Jinjina ga Mazda kan RX-7, da aikin da ya rage mata

Injin motar da muka saba gani, fistan ne ke hawa da sauka a cikinsa. Na RX-7 ba shi da fistan ko ɗaya: ƙarfe ne mai kusurwa uku yake juyawa a cikin gida mai siffar kwanson gyaɗa. Bajamushe Felix Wankel ne ya ƙirƙiro shi. Manyan kamfanoni sun gwada, sun watsar. Mazda ta birnin Hiroshima a Japan ta rungume shi tun 1961, ta ba Kenichi Yamamoto jagorancin injiniyoyinta, har ta ci tseren Le Mans da shi a 1991. Wannan naci ya cancanci jinjina.

Masu tara motoci sun fi jayayya kan ƙira biyu na RX-7, wato FC da FD. FC ta fito a 1985, jikinta mai kusurwoyi, ana yawan cewa ta ɗauko kamannin Porsche 944. Turbo ɗaya gare ta, akwai ma wadda ba ta da shi, akwai kuma mai buɗaɗɗen rufi. FD ta biyo baya a 1991, sumul kamar an zuba ta a kwano, da turbo biyu masu karɓa-karɓa: na farko yana aiki tun daga ƙasa, na biyu ya shigo idan injin ya ɗau wuta. Ta fara da ƙarfin doki 255, ta kai 280, aka rufe ta a 2002 da samfurin Spirit R guda 1,500.

A kyau da gudu FD ta yi gaba, ban musa ba. Amma ni zuciyata tana ga FC. A buɗe bonet ɗin FD a ga tarin siraran tiyo na roba da ke sarrafa turbo biyun nan, zafi yana gasa su har su tsage, makanike ya kwana yana neman wadda ta yi ɓaraka. FC ba ta da wannan wahalar sosai, duk da haka ita ake bari tana tsatsa, kuɗi da yabo suna bin ƙanwarta.

Mazda ta kyauta da ta sanar a 2020 cewa za ta dawo da ƙera wasu kayan gyara na ƙirar biyu, ta kuma sake kafa sashen binciken wannan injin a 2024. Sai dai na FD sun fi yawa a jerin kayan gyaran. Ina roƙonta ta cike wa FC gurbinta. Kada kuma ta bari a rasa siraran ƙarafan nan da ke toshe kusurwoyi uku na injin, don su ne ke cinyewa, idan sun tafi ƙarfin motar ya tafi. Makanikan da suka iya wargaza injin nan su mayar da shi suna tsufa. Ta ɗauko matasa ta zaunar da su a gabansu tun suna iya riƙe sifana.