Sharhi: Daga kekunan Danmak zuwa gadon yaran da ke jinya a Yamai

A shekara ta 2002, wasu mutane 11 masu alaƙa da kamfanin lemo na Rynkeby a ƙasar Danmak suka hau kekuna zuwa Paris, don su kalli yadda za a kammala gasar Tour de France. Da suka dawo gida sai suka tarar da rarar kuɗi, kroner 38,000, suka miƙa wa sashen yara masu cutar daji na asibitin jami'ar Odense. Mafarin Team Rynkeby ke nan. Yanzu duk bazara ayari-ayari na masu rawayar riga kan taso daga Danmak, Suwidin, Finlan, Norwe da wasu ƙasashen Turai, su yi kusan mako guda a hanya, tafiyar da ta haura kilomita 1,000. Mahayan 'yan sa-kai ne, kowa da aljihunsa yake biyan kuɗin kekensa da na tafiyarsa, gudummawar da aka tara kuma ta nufi ƙungiyoyin da ke kula da yara masu tsananin ciwo.

Wannan labari ya shafi Nijar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin ɗari na yara masu cutar daji suna warkewa, alhali a da yawa daga ƙasashe matalauta adadin bai kai kashi 30 ba. Cikin dalilan akwai jinkirin gano cutar da kuma katse magani a tsakiyar hanya. Na biyun shi ya fi ciwo, don sau da yawa ba taurin kai ne ke jawo shi ba.

Cibiyar yaƙi da cutar daji ta ƙasa tana Yamai, kuma a 2021 ne ta soma gashin cutar da na'ura. Uwar da ta taso daga Damagaram da ɗanta sai ta ci kusan kilomita 900 kafin ta isa, ta Maraɗi kuma sama da 600. Ga kuɗin mota, ga masauki, ga abinci, ga sauran yara da aka bari gida, watakila ma lokacin damina ne gona na jira. In guzuri ya ƙare, sai a ɗauki yaro a koma gida, likita na kallo ba yadda zai yi. Tsarin kula da yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta, wanda aka kafa tun 2006, bai ɗauke wa iyali ko ɗaya daga waɗannan nauye-nauyen ba.

Keke dai ba baƙo ba ne a ƙasar nan, kuma 'yan kasuwar Maraɗi ba a san su da rowa wajen aikin alheri ba. Abin da ke sanyaya gwiwar mai bayarwa shi ne rashin sanin inda kuɗinsa ya shiga. Duk ƙungiyar matasan da za ta gwada irin wannan hawa, ko da daga Maraɗi zuwa Tasawa ne, ya kamata tun kafin a taka feda ta faɗi asibitin da za a bai wa kuɗin da abin da za a yi da su, ta kuma wallafa lissafi bayan an gama. Magani da na'urori nauyi ne na ma'aikatar kiwon lafiya, kada hawan keke ya zame mata uzuri. 'Yan sa-kai su soma da kuɗin mota da ɗakin kwana kusa da asibiti ga iyayen da suka zo daga jihohi.