A Faɗi Sunan Doka da Shekararta

Sau da yawa akawu yakan rubuta "yarjejeniyar ƙasashen duniya ta hana", ya sa hannu, ya buga hatimi. Wace yarjejeniya? Ta wace shekara? Wane sashe? Takarda irin wannan ba ta da amfani a gaban alƙali.

Mu ɗauki misalin madobiya. A 1973 aka ƙulla yarjejeniyar CITES a birnin Washinton don tsare cinikin dabbobin daji da itatuwa tsakanin ƙasashe, ta fara aiki a 1975, Nijeriya kuwa tana cikinta. Da saran madobiya ya yi yawa a Afirka ta Yamma saboda kasuwar ƙasar Sin, sai taron Johannasbag na 2016 ya sa ta cikin Jeri na 2. Bisa sashe na 4, abin da ke wannan jeri ba ya fita ƙasa sai da takardar izni. A 2018 aka nemi ƙasashe su dakatar da sayenta daga Nijeriya.

To, amma wannan kaɗai bai isa ba. Sashe na 12 na Tsarin Mulkin 1999 ya nuna yarjejeniya ba ta zama doka a nan sai Majalisar Tarayya ta mai da ita doka. Saboda haka wajibi ne a haɗa da dokarmu ta 1985 mai kare dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, da gyaranta na 2016, a kuma duba ko wani gyara ya biyo baya.

Har wa yau, CITES maganar fitarwa take yi. Wanda ya sari itace a dajin Kamuku na Birnin Gwari, wanda En'e ta keɓe a 1936, ya zama gandun Tarayya a 1999, dokar gandun daji ce ke hawa kansa. In akawu ya kawo yarjejeniya a nan, ya ba mai laifi ƙofar fita, daji kuma ya yi hasara.

Muna roƙon akawuna su riƙa rubuta suna, da shekara, da sashe, bayan sun duba takardar da idonsu, gama gani ya kori ji. Malamai kuma su koya wa almajiransu wannan tun suna makaranta, domin daga cikinsu za a ɗauki akawunan gobe.