Wa zai sayi Ruwan Bagaja a cikin kwali?

A Amurka da ƙasashen Turai akwai wani wasa da ba mu saba da shi ba, ko da yake kakanninmu mata sun fi kowa sanin tushensa. Mutum huɗu ko biyar ne ke zama su kewaye tebur. Ɗaya shi ne jagora, shi ke buɗe labari: ga ku a bakin kogo, ga duhu, ga gurnani yana fitowa daga ciki, me za ku yi? Sauran kuwa kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin, wannan jarumi, wancan boka, wani ɓarawo, ya faɗi abin da mutumin nasa zai aikata. Sai a jefa ƙwaya irin ta ludo, ita za ta yanke ko abin ya yiwu ko ya ci tura. Tatsuniya ce wadda masu sauraro suke da ta cewa a cikinta. Wanda ya fi shahara a cikin irin waɗannan wasanni shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974.

Kowane labari yana bukatar ƙasar da zai faru a cikinta, da taswirarta da sarakunanta da dodanninta. Kamfanin TSR, mai wasan na farko, ya ƙirƙiri irin waɗannan duniyoyi da yawa, har suka riƙa cin kasuwar juna. Da ya durƙushe, kamfanin Wizards of the Coast ya saye shi a 1997. A 'yan shekarun nan sabon mai dukiyar ya shiga tono tsofaffin duniyoyin yana kakkaɓe musu ƙura: Ravenloft a 2016, Spelljammer da Dragonlance a 2022, Planescape a 2023. Kasuwar da ya dawo da su kuwa ta cika maƙil, domin yau duk mai kwamfuta yana iya rubuta nasa wasan ya sayar ta intanet.

Sakamakon bai zo ɗaya ba. Littafin Curse of Strahd, wanda ya dawo da Ravenloft, ya karɓu ƙwarai, saboda ya ba 'yan wasa cikakken labari da mugu guda da za su yi watanni suna fafatawa da shi, ko da ba su taɓa jin sunan ƙasar ba. Spelljammer, mai jiragen ruwa da ke yawo a sararin samaniya, ya sha suka: tsofaffin masoya suka ce an ba su kwanon da babu tuwo, sannan aka tarar da bayanin wata ƙabilar birai da ya yi kama da tsohon cin mutuncin da ake yi wa baƙar fata da bayi, har sai da kamfanin ya nemi gafara ya gyara. Suna dai ya jawo mutane bakin rumfa, amma bai iya tsayar da su ba.

Abin da ya sa na kawo wannan dogon zance shi ne, mu ma muna da tsofaffin duniyoyi a ajiye. Gasar rubutu da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara. Bayansu ga Magana Jari Ce, ga Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Kafin su duka ga Gizo da Ƙoƙi da Dodo. A nan ƙasar Sakkwato muna da kangon Surame na Kanta da Alƙalawa ta Gobirawa, waɗanda ko marubucin Turai zai yi kwaɗayinsu. Buga wasa a kwali ma ba gagara ba ne a Najeriya, tunda kamfanin NIBCARD na Abuja yana yi, har ya ci lambar yabo ta Diana Jones a 2021, wadda ake ji da ita a wannan fanni. Ko ba jima ko ba daɗe, wani matashi zai zuba Ruwan Bagaja a kwali ya kawo kasuwa. Da shi nake magana.

Ka fara da leƙa majalisun Unguwar Rogo bayan la'asar, ka ga da wa za ka yi takara. Ga masu ludo, ga masu karta, ga dattawa a gefe sun haƙa gurabun dara talatin a ƙasa, kowa da 'ya'yansa goma sha biyu, ba su biya kowa ko sisi ba. Yara suna shagon PlayStation suna buga ƙwallo, wasu sun dunƙule a kan waya guda suna kallon fim ɗin Indiya na fassarar Algaita. Mai son labarin takobi da aljanu ma ba a bar shi da yunwa ba, domin littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini suna nan, ana karanta su a kuma saurare su a waya. Duk waɗannan ba sa bukatar a koya wa mutum komai. Naka kuwa sai an zauna an koya.

Ga kuma wata matsala da ta fi wannan. Waɗanda sunan Malam Zurƙe ke sa su murmushi iyaye ne yanzu, suna fama da kuɗin makaranta da na cefane. Za su yaba maka, wataƙila su saya su ajiye a kan kabad, amma ba za su zauna awa uku suna wasa ba. Masu lokacin zama kuwa, da yawansu sun haɗu da littafin ne a matsayin abin jarrabawa, in ma sun haɗu da shi. Begen da kake son sayarwa yana wurin wasu, lokacin wasa yana wurin wasu. Saboda haka ka ɗauka cewa mai sayen kayanka bai taɓa jin sunan Alhaji Imam ba, ka tambayi kanka me zai yi a daren farko da zai sa ya dawo gobe.

A ganina amsar tana cikin abin da ya bambanta labaranmu da na Turawa. Wasansu an gina shi ne a kan shiga kogo, kashe dodo, kwashe dukiya. Gizo bai taɓa kayar da zaki da ƙarfi ba. Alhaji da Zurƙe sun yi ta kai juna ƙasa da makirci da iya baki, kuma abin da mai karatu ke jira ke nan. Idan dokokin wasanka suka ba da lada ga wanda ya warware kacici-kacici, ko ya kare kansa a gaban alƙali da hujja mai ban dariya, ko ya yi wa sarki kirarin da zai sa a buɗe masa ƙofar gari, to ka kawo abin da PlayStation ba ta da shi, kuma abin da ɗan majalisa ya riga ya gwanance a kai. Wanda ya taɓa jin Bagobiri da Bayarabe suna wasan barkwanci ya san ba a rasa 'yan wasa ba.

Akwai dalili na biyu da zai sa ka guji kwaikwayon kisa da kwasar ganima. A Isa da Sabon Birni da Goronyo, auka wa ƙauye da kora dabbobi ba tatsuniya ba ce, kuma wasu daga cikin waɗanda abin ya raba da gidajensu suna zaune a cikin birnin nan. Haka tsofaffin labaran suke ɗauke da kayan zamaninsu: bauta, da ba'a ga masu naƙasa, da raina wasu ƙabilu. Ba na goyon bayan a wanke su tas har su rasa ɗanɗano. Amma karanta abu daban, a ce wa yaro ya zama mai aikata shi daban. Darasin Spelljammer ke nan, kuma ya fi arha a koya daga kuskuren wani.

Sai maganar ƙwaya. A Sakkwato ba ƙaramin abu ba ne, domin akwai hadisi da ya yi hani ga wasan nardi, kuma malamai da dama suna sanya ludo a wannan layi. Uban da ya ga ƙwaya a cikin kwali zai ce caca ce, ba zai tsaya jin bayani ba. Alhali ba dole ba ce. Tun 1991 aka fitar da wasan Amber wanda babu ƙwaya a cikinsa sam. Ana iya ba kowane ɗan wasa tsakuwa goma sha biyu irin na dara, ya riƙa kashe su a kan abin da ya fi muhimmanci gare shi, idan sun ƙare ya dogara da bakinsa.

Kada kuma ka manta cewa littattafan nan suna da masu su. Abubakar Imam ya rasu a 1981, dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya kuwa tana kare aikin marubuci shekara 70 bayan rasuwarsa, don haka sai ka nemi iyalinsa da kamfanin NNPC na Zariya kafin ka taɓa Zurƙe. Gizo da Dodo da ganuwar Surame ba su da wannan shinge, da su ya kamata a fara. Manyan littattafan dokokin Dungeons & Dragons uku ne, kowanne ya kai kusan dala 50. Naka ya zama 'yan shafuka cikin Hausa, waɗanda za a iya turawa ta WhatsApp a buga a shagon kwafi, da labari guda da zai ƙare tsakanin isha'i da lokacin barci. Ka kai shi majalisa uku ko huɗu a Unguwar Rogo, ka ba wani ya jagoranta, kai kuma ka koma gefe ka ƙirga sau nawa aka zaro waya daga aljihu kafin a tashi.