Karkataccen icce ba na wuta ba ne

Ƴan uwa masu injin tsaga katako, da ku nike. Manomi ya kawo muku gungumen bedi, kun ce ya karkace, a kai wa mai tuya. Wannan ɓarna ce, kuma ƙyuya ce ta kawo ta.

Ƙasarmu ba kurmi ba ce. Miƙaƙƙen katako daga Nijeriya ake sawo shi, da tsada. Bedin da aka fara dasawa a kwarin Majiya a 1975, don tare iska aka dasa shi, ba don ya miƙe kamar sanda ba.

Kun ce zarto ba ya bin gwiwa. Gaskiya ne. To, a yanke gungumen daidai gwiwar, ya zama guntaye biyu miƙaƙƙu. A tsaga su, a jera a inuwa, da ƴan sanduna tsakani don iska ta ratsa. Guntun mita 1 ya isa ƙafar tebur, ko allo, ko kujerar mata. Kuma bedi, gara ba ta cika cinsa ba.

Iccen da ya shekara 20 yana girma, a ƙone shi cikin kwana 2, alhali yaranmu na zaune ƙasa a lakkwal? Ku wasa zartonku!