Sun Sani, Suka Sauya Masa Gari



A shekarar 2022 kaɗai, mutum fiye da 520,000 ne suka fita daga cocin Katolika a ƙasar Jamus. A shekarar da ta gabace ta kuwa, kusan 360,000. Kuma a Jamus fita daga coci aiki ne na takarda. Sai mutum ya nemi a ba shi rana a kotu ko a ofishin rajista, ya ɗauki katin shaidarsa, ya biya ɗan kuɗi, ya zauna gaban ma'aikaci ya sa hannu, sannan a daina cire masa harajin coci daga albashi. A birnin Kolon, farkon 2021, masu neman ranar sun yi yawan da sai mutum ya jira watanni kafin layi ya zo kansa. Wasu na cewa harajin suke gudu. Akwai masu wannan dalili, ba a musu. Amma harajin nan iyayensu sun biya, kakanninsu sun biya. Me ya sa yanzu ne haƙurin ya ƙare?

Jama'a, babu al'ummar da ba ta da mugu a cikinta, kuma mabiya Katolika sun san haka. Abin da ya tsaya musu a wuya shi ne, an san mugun, aka rufa masa asiri, aka sauya masa gari.

Ku saurari yadda abin ke tafiya, domin rahotannin ƙasashe daban-daban kusan labari ɗaya suka bayar. Uwa ta lura ɗanta ya canza. Yaron da ke ɗokin tashi da sassafe ya je ya taimaka wa Fada, limamin cocinsu, a bagade, yau ya ƙi fita daga ɗaki, abinci ma sai an yi da gaske. Ta lallashe shi har ya faɗa mata cewa Fada na lalata da shi. Ba ta nufi wurin 'yan sanda ba, sai ta nufi wurin manyan cocinta, saboda su ta amince wa. Aka zaunar da ita, aka ba ta haƙuri, aka ce kada ta tona maganar don kada a ja wa coci abin kunya, za a ɗauki mataki. Bayan 'yan makonni aka sanar a majami'a cewa Fada ya tafi hutun rashin lafiya. Bayan 'yan watanni sai ga shi a wani gari, da sabuwar majami'a, da sababbin yara, kuma babu wanda ya ce wa iyayen can uffan. An kwashe garwashi daga wannan bukka an zuba a ta maƙwabci. Takardar koken uwar nan kuwa tana can a kulle cikin ma'ajiyar sirri.

Wannan shi ne abin da jaridar Boston Globe ta bankaɗo a Amurka a watan Janairun 2002. Shi ne kuma abin da masu bincike na jihar Pensilbaniya suka tarar a 2018, inda suka lissafa limaman coci fiye da 300 da yara fiye da 1,000 cikin kimanin shekara 70. A Jamus, binciken 2018 ya ƙirga yara 3,677 tsakanin 1946 da 2014. A Faransa, hukumar da ta miƙa rahotonta a Oktoban 2021 ta ƙiyasta yara 216,000 tun daga 1950. Duk inda aka buɗe akwatin takardu, sai a tarar da wasiƙar da ke nuna wani babba ya sani. Ya sani, ya sauya wa mai laifin gari.

To ta yaya zuciyar mutane ba za ta juya ba? Ku dubi Ayalan, ƙasar da a da ake kafa misali da ita wajen riƙo da Katolika. A 1979, da Fafaroma John Paul na Biyu ya je Dublin, mutum fiye da miliyan ɗaya suka cika filin Phoenix Park. A 2018 Fafaroma Francis ya tsaya a wannan fili, waɗanda suka zo ko kashi ɗaya cikin huɗu na wancan taro ba su kai ba. Tsakanin ziyarorin biyu ne rahotannin Ryan da Murphy suka fito a 2009, suka fayyace abin da aka yi wa yara a gidajen marayu da makarantu da majami'u. A Amurka, ƙuri'ar jin ra'ayi ta Gallup a 2019 ta nuna kashi 37 cikin 100 na mabiya Katolika suna tambayar kansu ko za su ci gaba da zama a cocin, alhali a 2002 kashi 22 ne. Waɗannan ba baƙi ba ne, 'yan gida ne, cikinsu har da masu zuwa sujada ranar Lahadi, masu sa kuɗi a baiko.

Ban ce ba a yi komai ba. Bishop-bishop na Amurka sun kafa ƙa'idar kare yara tun 2002. A 2018 bishop-bishop na Chile gaba ɗayansu suka miƙa takardar murabus. A Fabrairun 2019 an tara shugabannin cocin na duniya a Batikan kan wannan magana, a watan Mayu aka fitar da dokar da ta wajabta wa limamai kai rahoto, a Disamba aka ɗage takunkumin sirri daga irin waɗannan shari'o'i. An nemi gafara sau da yawa, an biya diyya mai tarin yawa. Amma waɗanda aka cuta suna da tambaya: rahoton da dokar ta wajabta, wa za a kai wa? Na gaba da kai a cikin coci. Ashe hannun da ya kulle takarda jiya shi ake son ya buɗe ta yau. Kuma mutanen Ayalan sun riga sun ga iyakar ƙa'idar takarda, domin rahoton Cloyne na 2011 ya nuna an ci gaba da ɓoye koke-koke bayan cocin ƙasar ya kafa wa kansa ƙa'ida a 1996.

A nan zan ɗan ratse, domin akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Duk lokacin da irin wannan labari ya fito, sai ka ga wasu namu a Facebook suna murna, suna gugar zana ga maƙwabtansu Kirista. Haba jama'a! Yaro aka cuta, kai kuma ka samu abin gori? Waɗanda suka tona wannan ɓarna, yawancinsu 'yan Katolika ne: yaran da suka girma da ciwon, iyayensu, da limaman da suka ƙi yin shiru. Binciken Faransa da na Jamus, bishop-bishop ɗin ƙasashen ne suka sa aka yi. Mu fa? A Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutum wajen 300, manya da yara, daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasunsu da sarƙa a ƙafa. Maƙwabta ba su taɓa jin kuka ba? Sau nawa aka yi wa yarinya fyaɗe a unguwa, dattawa suka zauna a zaure suka ce a rufa asiri, a sasanta a gida, malamin ko ɗan uwan ya bar gari kawai? Ya bar gari ya tafi ina? Garin da babu yara?

Shirun nan yana da farashi, kuma yara ne ke biya. Daga cikin limaman nan fiye da 300 na Pensilbaniya, biyu kacal binciken ya iya gurfanarwa. Da yawa sun mutu, sauran kuma wa'adin da doka ta bayar na shigar da ƙara ya wuce tun takardun suna kulle. Kowace shekarar da babba ya yi yana lallashin uwa ta yi shiru, shekara ce da ya ci daga wa'adin ɗanta.

Don haka nake roƙon shugabannin cocin, a kowace ƙasa suke, su buɗe ma'ajiyar nan su miƙa wa masu gabatar da ƙara tun masu laifin suna raye, har da sunayen waɗanda suka sa hannu a takardar sauyin wuri. Ke kuma uwa, kai kuma uba, ko coci kake zuwa ko masallaci, ranar da ɗanka ya buɗe baki ya faɗa maka, ka fara kai shi asibiti, daga can ka wuce ofishin 'yan sanda, kafin ka sanar da Fada ko Liman ko mai unguwa.